Minti Ɗaya a Shagon Kaka

Ba ita ta raɗa wa kanta sunan Darakta ba. Yayanta ne ya laƙaba mata shi don tsokana, saboda ba a taɓa kallon fim da ita an tashi lafiya ba. Shekararta goma sha shida, ita ce auta a gidan, kuma babu abin da take so kamar finafinan nan na 'yan makaranta da suke tsintar wata na'ura a ɗakin ajiya, su danna wani abu, sai ga su a jiya ko a shekara hamsin masu zuwa. Ta kalli sun fi talatin a tsohuwar kwamfutar Yaya mai tsagaggen gilashi. Matsalar ita ce ba ta iya kallo baki a rufe.

"Tsayar, Yaya, tsayar! In ya koma baya ya hana kansa fita daga gida, to wa ya tsinci na'urar?"

"Ke, ki bari mu ga ƙarshe mana."

"Ai ƙarshen ya riga ya lalace. Da ni ce na shirya shi..."

"To, Allah ya ja zamanin Darakta."

Sunan ya bi ta har makaranta, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Wata Litinin Malamin kimiyya ya shigo aji da takarda a hannu, ya ce an shirya gasar gajeren fim tsakanin makarantu goma sha biyu. Kada fim ya wuce minti biyar, da waya za a ɗauka, kuma sati uku aka bayar. Bai kai ƙarshen takardar ba hannun Darakta yana sama.

"Malam, a rubuta sunana."

"Kina da labari ne?"

"Tun bara."

Labarin nata na wata yarinya ce da ta samu agogon aljihu a wurin wani tsoho mai gyaran agogo. In ta murɗa kansa, lokaci ya koma baya da minti ɗaya tak. Malam ya ce ai minti ɗaya ya yi kaɗan, na cikin finafinai shekaru suke tsallakewa.

"Shi ya sa suke rikicewa, Malam. Wa ya san abin da zai yi da shekara hamsin? Amma minti ɗaya, kowa a ajin nan ya san inda zai kai shi. Kofin da ya suɓuce, motar da ta tashi ta bar ka, amsar da ka tuna bayan an karɓe takarda."

Aji ya kwashe da dariya, Malam ya rubuta sunanta.

Jaruma ba ta yi wuyar samu ba. Ƙawarta ce ta benci ɗaya, wata 'yar ƙarama mai manyan idanu da kowa ke kira Tsigi. Mai ɗaukar hoto kuwa dole Yaya ne, tunda wayarsa ce kaɗai mai kyamarar kirki a gidan, kuma ya rantse ba zai ba kowa aronta ba. Da safe yana rumfarsa ta gyaran waya, da la'asar ya dawo yana gunaguni ya zama ɗan aikin ƙanwarsa. Saura agogo da tsoho, su ma duka a gida suke. Kakanta na wajen uwa ya shekara hamsin yana gyaran agogo. Shi ya ciro agogon aljihunsa mai murfin azurfa, wanda maigidan da ya koya masa sana'a ya bar masa, ya miƙa wa Tsigi, ya ce in ya faɗi ƙasa ita ma ta bi shi.

Darakta ba ta da kwamfutar da za ta yi siddabarun da ake gani a manyan finafinai, kuma abin bai dame ta ba. Dabararta guda ce: a ɗauki abu yadda yake, sannan a juya hoton ya tafi da baya. Suka zuba ruwa daga buta a kofi, da aka juya sai ga ruwa yana hawa yana komawa buta. Tsigi ta yayyaga takardar jarrabawa, da aka juya sai ga guntaye suna tashi daga ƙasa suna haɗuwa a hannunta. Wanda ya fi ba su wuya shi ne na titi. Darakta tana son a ga jaruma tana tafiya gaba, duniya duka tana komawa baya. Don haka sai da Tsigi ta koyi tafiya da baya, kai a miƙe, hannu yana lilo kamar mai tafiyar gaske. Kwana uku suna yi a layin kasuwa. Tsigi ta yi karo da mai keke, ta taka tiren mai lemo, ta faɗa kan wata mata mai goyo. Telan da ke maƙwabtaka da shagon Kaka ya leƙo ya ce, "Yarinyar nan lafiyarta kuwa? In abin ya motsa ne a kira iyayenta."

"Fim muke yi, Baba," in ji Darakta. "Ka koma kan kekenka, kana cikin hoto."

Da suka juya hoton a wayar Yaya, su uku suka zuba ido. Ga Tsigi tana takawa cikin natsuwa, ga motoci suna ja da baya, hayaƙi yana komawa cikin bututu, wani mutum yana mayar da ayaba cikin ɓawonta. Yaya ya kalla sau uku, daga ranar ya rage gunaguni.

Fitowar da Darakta ta ɗora wa rai ita ce ta shago, inda za a ga tsoho yana haɗa agogon da hannunsa tun daga ƙananan ƙarafa har ya fara bugawa. Shagon Kaka ɗan tsukuku ne tsakanin tela da mai yankan makulli, mutum uku in sun shiga sai ɗaya ya karkace. Agogunan bango sun fi ashirin, kowanne da lokacin da yake nunawa. Akwai kanta ta gilashi cike da madauri da batura, bayanta kuma teburin aiki mai koren ƙyalle, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki, da sukurudirebobi sirara kamar allura, da gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya.

Ranar Asabar suka same shi ya sha rigarsa ta zuwa taro, ya gyara gemu. Tun da safe ya kwance agogon, ya jera kayan cikinsa a kan ƙyalle sahu-sahu.

"Tsoho, irin wannan ado haka? Hannu kawai za mu ɗauka fa."

"Hannun ma na mai kyau ne. Ke dai ki yi aikinki."

Yaya ya kawo waya dab da tebur. Darakta ta ɗaga hannu ta ce, "A fara!"

Kaka ya ɗauki wata 'yar taya mai haƙora da hantsaki, ya nufi gurbinta. Bakin hantsakin ya yi ta kaɗawa, tayar ta zame ta faɗi gefe.

"Tsaya! A sake."

Aka sake. Wannan karon taya ta zauna, ta biyu ma ta zauna da ƙyar, amma da ya zo kan wata 'yar kusa mai kamar ƙwayar yashi sai ta tsalle ta ɓace a cikin ƙyalle. Ya lalubo ta, ya cire abin da ya sa, ya koma farko. Sau bakwai ana yi. Zafi ya cika shagon, keken tela yana ta ƙara ta bango, batirin waya ya kusa ƙarewa. Darakta ba Kaka take kallo ba, fuskar waya take kallo, kuma abin da take gani a ciki bai yi mata ba.

"Haba Kaka, ka riƙe hannunka mana! Rawa yake yi a hoto."

Kaka ya ajiye hantsaki a hankali, ya cire gilashin ido, ya ja wani farin ƙyalle ya rufe kayan agogon.

"An tashi na yau," ya ce. "Ku ja min ƙofa."

A waje Yaya ya tare ta. "Ke wai ba ki da ido ne sai na fim? Shekara guda ke nan ba ya karɓar agogon da ake murɗa wa kai. Batir kawai yake canzawa, da madauri. Kowa a gida ya sani, ba a dai faɗa ne."

"Me ya sa bai ce ba zai iya ba?"

"Ke ce kika tambaye shi. Ya taɓa ce miki a'a?"

Tsigi ta sulale ta tafi gida. Darakta ta tsaya a bakin titi, maganar da ta yi tana ta dawo mata.

Mama ta ji labari kafin su iso. Ba ta yi faɗa da yawa ba, ta ce gobe da safe ta je ta ba shi haƙuri, kuma ta cire fitowar nan daga fim, ta ƙyale tsohon mutane ya huta. Darakta ta ce to ga na farko kawai. Kafin magariba ta karɓi wayar Yaya ta zauna a tsakar gida tana kallon abin da suka ɗauka. Kallonsa babu daɗi. Amma Yaya yana da halin mantawa bai tsayar da ɗauka ba, don haka har abin da ya faru tsakanin "tsaya" da "a sake" ya shiga. Nan ta ga abin da ba ta lura da shi ba a shago. Duk lokacin da Kaka zai cire abin da ya sa, hannunsa ba ya jinkiri. Hantsaki ya sauka, ya cafko, ya ajiye, caf-caf-caf. Sakawa ce take neman saiti, cirewa ba ta nema. Ta juya wannan ɗan guntun da baya, ta kalla, ta miƙe tsaye.

Washegari ta same shi yana share kantar gilashi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kaka, na yi rashin kunya jiya. Ka yafe min."

"Gaskiya kika faɗa. Gaskiyar ce dai ba ta da ladabi. Tashi."

Ta tashi, ta ciro waya. "To tunda an yafe, kalli wannan."

Ya maƙala gilashin karatunsa. A cikin wayar ya ga hannunsa yana ɗaukar taya yana sa ta a gurbi tashi ɗaya, ya sake ɗauko wata, ita ma haka, babu kaɗawa. Ya daɗe yana kallo.

"Haka nake yi da," ya ce.

"Haka za ka yi a fim. Kai dai ka kwance, ni zan juya."

"Wato ki nuna wa duniya ina iya abin da na daina iyawa."

"Tsigi ma ba ta iya mayar da lokaci baya, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Fim ne, Kaka."

"Tsigi ba ta da shago. Ni in mutane suka gani, gobe su kawo min agogon iyayensu, in ce musu me?"

Darakta ta ce, "Sai in rubuta a ƙarshen fim yadda aka yi. Kowa ya karanta."

Kaka ya yi murmushi, irin na wanda ya ga rami a gaban mai gudu. Ya ɗage farin ƙyallen. "To madalla. Kin ce in kwance. Me zan kwance? Ga shi nan a warwatse. Sai an haɗa ake kwancewa, ranki ya daɗe."

Darakta ta kalli ƙarafan. Ba za a iya canza agogo ba, don wannan ne a hannun Tsigi tun daga farkon fim. Saura kwana takwas a miƙa aiki.

"Guda nawa ne?"

"Waɗanda na cire, talatin da huɗu."

"Matsa min kujera."

Haka aka yi. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta wuce shago da kayan makarantarta, ta zauna a kujerar Kaka, shi kuma ya ja benci ya zauna a kafaɗarta. Ido nasa, hannu nata. Ranar farko ko riƙon hantsaki ba ta iya ba, tana matsewa da ƙarfi kusa ta yi tsalle, su biyu su durƙusa suna lalube a ƙasa da maganaɗisu. Ya koya mata ta kafa gwiwar hannu a tebur, ta saki numfashi kafin ta sauke ƙarfe, kada ta taɓa komai da yatsa don gumi yana sa tsatsa. In ta sa taya a karkace, ba ya gyara mata. Sai ya jingina da bango, ya ɗaga hannu, ya ce da muryarta sak, "Tsaya! A sake."

"Kaka, ramuwa kake yi."

"Ni? Aikina nake yi."

Rana ta huɗu ta sa tayar ƙarshe, wadda take lilo, ta murɗa kan agogon sau uku. Bai motsa ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, Kaka ya ce ta ɗan hura masa iska da 'yar robar hura ƙura. Ta hura. Tayar ta kaɗa, ta dawo, ta sake kaɗawa, sai ga ƙaramar ƙara, cak-cak-cak. Darakta ta yi ihun da ya sa tela ya taka kekensa a karkace ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Aka kira Yaya. Kaka ya sake sa rigar taro. Abin da ta kwana huɗu tana haɗawa, a minti biyu ya zube shi a kan ƙyalle, har da wani salo da ya ƙara, yana sakin kowane ƙarfe daga ɗan sama ya faɗo da kansa. Suka taru a kan waya don su gani. Babban yatsan Yaya ya rufe kusan rabin hoton.

Darakta ta dube shi. Yaya ya ce hasken fitila ne ya kashe masa ido. Kaka ya yi dariya har da tari.

Haɗi na biyu kwana biyu ya ɗauke ta. Wannan karon ita ta ɗaure wayar a jikin fitila da madaurin agogo, ta ce Yaya ya sa hannayensa a aljihu. Hoto ya fito tas. Ta tattara jakarta za ta tafi tace fim ɗin, Kaka ya buga tebur da yatsa.

"Ina zuwa? Shekara hamsin ban taɓa rufe shago na bar agogo a kwance ba sai a dalilinki. Zauna."

Ta zauna. Kafin ya rufe shago agogon yana bugawa a aljihunsa.

An nuna finafinan ne a babban zauren wata makaranta, ranar Asabar da hantsi, an rufe tagogi da baƙaƙen labule. Nasu ne na tara. Mutane sun gaji, ana ta hira ƙasa-ƙasa, har sai da Tsigi ta fito tana tafiya motoci suna ja da baya. Nan zaure ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya wurin mai ayaba. Da aka zo shago, sai ga hannun tsoho a bango, ya fi ƙofa girma. Ƙarafa suna tashi daga koren ƙyalle da kansu suna faɗawa bakin hantsaki, hantsaki yana sauke su ɗaya bayan ɗaya, har murfi ya rufe. Wani yaro a baya ya ce, "Kai! Tsohon nan aljani ne!" Darakta ta saci kallon Kaka. Yana zaune a miƙe, hannayensa a kan sandarsa, leɓensa yana motsi, yana kiran sunan kowane ƙarfe.

A ƙarshe rubutu ya fito fari a kan baƙi: an ɗauki fitowar shago ne da baya, Kaka ne ya kwance agogon, jikarsa ta haɗa shi, sau uku. Aka yi tafi, wasu suna waiwaye suna neman tsohon. Shi kuwa ya ɗaga sanda sama kamar wanda ya ci zaɓe.

Na biyu suka zo. Wata makaranta ce ta ɗauki na ɗaya da fim a kan tace ruwan sha. Tsigi ta yi kuka kaɗan, Yaya ya ce an yi son kai. Darakta ba ta tsaya jin su ba, ta bi shugabar alƙalan har bakin mota ta tambaye ta me ya rage musu.

"Sauti," in ji matar. "Duk maganar da aka yi a shago, keken ɗinki nake ji."

Darakta ta yi tunani, ta gyaɗa kai. "Gaskiya ne. Amma labarinmu ya fi nasu."

"Ya fi."

"To shi ke nan. Baɗi zan aiki telan nan kasuwa kafin mu fara ɗauka."

Sati ɗaya bayan haka tana shago tana jera wa Kaka batura, sai ga wata malama daga cikin waɗanda suka kalli fim ɗin. Ta kwance ƙullin hankici, ta ajiye wani tsohon agogon hannu a kan kantar gilashi. Ta ce na mahaifinta ne, ya shekara shida a tsaye, duk inda ta kai sai a ce ba a gyara irinsa yanzu.

Kaka ya buɗe bayansa, ya maƙala gilashi, ya duba. "Datti ne, da mai da ya bushe. Babu abin da ya karye." Ya ɗago ya dubi matar. "Kin dai karanta rubutun ƙarshen fim? Ni kwancewa nake yi."

"Na karanta, Baba. Shi ya sa na zo ranar da babu makaranta."

"To ki dawo bayan sati guda."

"Kwana goma," in ji Darakta, tana jawo kujera. "Ina da jarrabawar lissafi ranar Laraba."